Ɗan Wasan da Ya Juya wa Fim Ɗinsa Baya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan daga masu kallo suka fito, galibinsu ƴan Maradi da kewaye, wasu a fada wurin shan shayi, wasu ta WhatsApp. Akwai kuma na samari da ƴan matan da ke haɗa gajerun finafinai suna ɗorawa a YouTube. Duka kan abu ɗaya suke: mutum ya fito a fim, an biya shi, duniya ta kalla, sannan ya dawo yana kushe fim ɗin ko yana cewa ba ruwansa da shi. Mun haɗe masu kama da juna.

Da gaske akwai wanda ke kushe fim ɗin da shi ne jaruminsa?

Akwai, kuma manya ne. George Clooney ya fito a Batman & Robin a 1997, tun daga nan bai daina ba mutane haƙuri a kansa ba. Halle Berry ta fi shi ƙarfin hali. A Amurka akwai wata kyauta ta shaƙiyanci, Razzie, da ake ba fim da ɗan wasan da suka fi muni a shekara, yawanci ba mai zuwa karɓa. A 2005 aka ba ta saboda Catwoman. Ta je da ƙafarta, riƙe da Oscar ɗin da ta ci a 2002 a ɗaya hannun, ta tsaya gaban mutane ta gode wa kamfanin Warner Bros. da ya saka ta a fim marar kan gado. Bob Hoskins ya sha faɗin cewa Super Mario Bros. na 1993 shi ne aiki mafi muni da ya taɓa yi. Michael Caine kuwa cewa ya yi bai taɓa kallon Jaws: The Revenge na 1987 ba, an dai gaya masa ba shi da kyau, amma ya ga gidan da aka gina da kuɗin, gidan kuma ya yi kyau matuƙa.

To bai karanta labarin ba ne kafin ya karɓi aikin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma mai yin ta bai taɓa zuwa lokeshan ba. Ba a ɗaukar fim a jere kamar yadda kake kallonsa. Ana iya ɗaukar mutuwar jarumi ran Litinin, a ɗauki aurensa ran Alhamis, don kawai gidan da aka ara kwana biyu aka ba da shi. A finafinanmu na Hausa ma sau da yawa ɗan wasa ba ya ganin rubutun labarin gaba ɗaya. Darakta ne zai ja shi gefe ya ce ga abin da za ka faɗa a wannan fitowar, a kunna kyamara. Bayan an tashi daga lokeshan sai aiki ya koma hannun edita. Ɗan wasa yadi ya kawo, wani ne tela, kuma ba a kiran sa ranar yanka. Ana iya zubar da fitowar da ta bayyana dalilin mugun halin da ya taka, a bar mugun halin tsirara. Ana iya sa kiɗan da zai mayar da maganar tausayi ta zama ta ban dariya. Ana iya ɗora wata murya a bakinsa, abin da duk mai kallon fassarar finafinan Indiya ya san sauƙinsa.

Misali mafi nauyi shi ne fim ɗin nan na ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya tayar da ƙura a duniya a watan Satumban 2012. Waɗanda suka fito a ciki sun ce an gaya musu fim ne na yaƙin hamada mai suna Desert Warrior. Bayan an gama ne aka ɗora wasu kalmomi a kan muryoyinsu. Kimanin mutum 80 daga ƴan wasa da ma'aikata suka fitar da sanarwa cewa an yaudare su. Wata daga cikinsu, Cindy Lee Garcia, dalar Amurka 500 aka biya ta, kuma daƙiƙa 5 kacal ta fito a abin da aka ɗora a YouTube, amma sai da aka yi ta yi mata barazanar kisa.

Ba kowa ke da irin wannan uzurin ba. Da yawa sun karanta, sun gane, sun ga kuɗi, sun sa hannu.

Ba butulci ba ne? An ba ka aiki, an biya ka, ka dawo kana zagi?

Wani lokaci butulci ne ƙarara, wani lokaci kuma shirun ne zai zama laifi. Abu biyu muke dubawa a nan: yaushe ya yi maganar, kuma wa za ta cutar.

Fim ba na jarumi kaɗai ba ne. Akwai mai kyamara, mai riƙe fitila, mai kwalliya, direban da ya kwashi kaya, matar da ta dafa wa lokeshan abinci, da furodusan da wataƙila fili ya sayar ya zuba kuɗin. Babban jarumi ya riga ya karɓi nasa tun kafin a fara. In ya fito a makon da za a saki fim ya ce shirme ne, nasa aljihun lafiya lau, waɗancan ne za su kwana da bashi. Wanda ya bari fim ya gama cin kasuwarsa, shekara biyar ko goma, sannan ya faɗi ra'ayinsa, bai ci haƙƙin kowa ba.

Masana'antar ma ba ta yafewa da sauƙi. Katherine Heigl ta gaya wa mujallar Vanity Fair cewa Knocked Up na 2007 ya ɗan ƙasƙantar da mata, ya nuna su masifaffu, mazan kuma masu daɗin zama. Maganar ba ta yi zafi ba, amma da ta haɗu da wata da ta yi a 2008 kan marubutan shirin Grey's Anatomy, sai aka laƙaba mata sunan mai wuyar sha'ani, ya bi ta shekaru. Shia LaBeouf ya kushe fim ɗin Indiana Jones na 2008 a bikin Cannes na 2010, Harrison Ford da ya fito a matsayin ubansa ya ce masa wawa. A lura, Clooney da Caine dariya aka yi musu aka wuce. Wanda ya riga ya ƙoshi yana iya zagin tsohon fim ɗinsa a ce barkwanci ne, mace ko sabon shiga kuwa sai a ce rashin kunya.

Wanda ni dai ban iya ba shi gaskiya gaba ɗaya shi ne Alec Guinness. Ya yi shekaru yana ƙorafin maganganun da aka ba shi a Star Wars na 1977, ga kuma kashi 2 da ɗoriya cikin 100 da ya ƙulla a yarjejeniyarsa yana ta shigo masa har ƙarshen ransa.

Akwai wanda ya taɓa mayar da kuɗin?

Mayar wa furodusa, da wuya ka ji. Bayarwa sadaka, akwai. A Janairun 2018 Timothée Chalamet da Rebecca Hall sun ba ƙungiyoyin agaji abin da aka biya su a wani fim na Woody Allen, saboda zargin da ake yi wa daraktan, wanda shi ya musanta. Jim Carrey wata hanyar ya bi: ya gama aikinsa a Kick-Ass 2, wata ɗaya bayan nan aka harbe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, sai ya rubuta a Twitter a Yunin 2013 cewa zuciyarsa ba za ta bar shi ya tallata fim mai irin wannan zubar da jini ba. Fim ɗin ya fita a Agusta ba tare da shi a talla ba.

Yaya za a bambance mai nadamar gaske da mai neman suna?

Zuciya Allah kaɗai ya san ta. Amma mai nadamar gaske yakan sa kansa cikin laifin, kuma yakan faɗi takamaiman abin da ya dame shi. Viola Davis an sa sunanta a takarar Oscar saboda The Help na 2011, fim ɗin ya ɗaga ta, amma a 2018 ta ce ta yi da-na-sani, don labarin baƙaƙen mata masu aikatau ne, amma ba muryarsu ce aka ji a ƙarshe ba. Ba ta zagi abokan aikinta ba, ta ma yabe su.

Akwai kuma waɗanda ba nadama ce tasu ba, cuta ce aka yi musu. Maria Schneider tana da shekara 19 lokacin da aka ɗauki Last Tango in Paris na 1972. A 2007 ta ce an wulaƙanta ta a wata fitowa da ba a shirya da ita yadda za ta kasance ba, daga baya daraktan da bakinsa ya amsa cewa da gangan ya ɓoye mata. Ta rasu a 2011. Irin wannan ba a tambayar ta don me ta yi shiru shekara 35. Tambayar ta waɗanda suka tsaya bayan kyamara ce.

Ɗan wasa zai iya sa a janye fim, ko a cire fuskarsa?

Kusan a ko'ina amsar a'a ce. Fim na wanda ya shirya shi ne. Garcia da muka ambata ta kai Google kotu. A Fabrairun 2014 alƙalai 3 na kotun ɗaukaka ƙara suka ba da umarnin a sauke bidiyon, amma a Mayun 2015 zaman alƙalai 11 na kotun ya soke wannan, ya ce ɗan wasa ba shi da haƙƙin mallaka a kan ƴar fitowarsa. Matar da aka yaudara ƙiri-ƙiri ke nan, bare wanda kawai fim ɗin bai yi masa daɗi ba.

Tushen abin tsoho ne. Yarjejeniyar Roma ta 1961, wadda Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shige ta, ta ba mawaƙa da ƴan wasa kariya, amma sashe na 19 ya ce da zarar ɗan wasa ya yarda a ɗauke shi a fim, kariyar nan ta tsaya. Yarjejeniyar Beijin ta 2012, da ta fara aiki a Afrilun 2020, ita ta zo ta ƙara wa ƴan fim ƙarfi, har da ikon ƙin yarda a jirkita aikinsu ta yadda zai zubar musu da mutunci. A nan gida akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2010, akwai kuma hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha. Wanda abin ya shafa can ya kamata ya fara kai kukansa, ko wurin lauya, da takardarsa in yana da ita.

Darakta ya fi ɗan wasa gata. A Amurka, daga 1969 zuwa 2000, daraktan da aka ƙwace wa fim aka ɓata yana iya cire sunansa a sa Alan Smithee, sunan da ba mai shi. A Faransa kuwa, inda muka gaji tsarin shari'armu, kotun ƙoli ta ba magadan John Huston gaskiya a 1991 kan wani fim ɗinsa na baƙi-da-fari da aka shafa wa launi bayan rasuwarsa. Ɗan wasa ko an cire sunansa, fuskar tana nan.

In ya gane tun kafin a fara ɗauka fa, zai iya janyewa?

Zai iya, in bai yi alkawari ba. Alkawarin baka ma yana kamawa. Kim Basinger ta janye daga Boxing Helena, a 1993 kotu ta ce ta biya dalar Amurka miliyan 8.9. An soke hukuncin a ɗaukaka ƙara, amma sai da ta biya miliyan 3.8 a sulhu. Whoopi Goldberg ta so ta zame daga Theodore Rex, aka yi ƙarar ta ana neman miliyan 20, ƙarshe ta yi fim ɗin ba da son ranta ba a kan miliyan 7. Ko sinima bai shiga ba a Amurka, kaset aka sake shi.

Shiri mai dogon zango ya fi ba da ƙofa, tun da ana iya fita tsakanin zango da zango. Haka Nafisa Abdullahi ta yi a 2022, ta sanar a rubuce cewa ta bar Labarina, shirin ya ci gaba.

Me ya sa ba mu cika jin ƴan fim ɗin Hausa suna kushe finafinansu ba?

Kasuwar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Furodusan da ka kushe yau, gobe shi ko amininsa zai kira ka aiki. Ga tsarin ubangida: yawancin ƴan wasa wani ne ya kawo su, kushe fim ɗinsa kuwa daidai yake da zagin sa a bainar jama'a. A Fabrairun 2022 Ladin Cima ta faɗa a hira da BBC Hausa cewa wani lokaci naira 2,000 zuwa 5,000 ake sallamar ta da su. Sai da masana'antar ta yi makonni tana tafasa, furodusoshi na fitowa suna musu. Dattijuwa ke nan. Yarinyar da ta zo bara ta gani, ta kuma koyi darasi.

Sannan nadamar tamu daban take. Bature yakan ce fim ɗin bai yi kyau ba. Namu yakan ce bai kamata a gan ni a haka ba: rawa, shiga, rungumar da ba ta dace ba. Batun mutunci ne da addini da surukai. Ga hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, ga ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN da ta kori Rahama Sadau a Oktoban 2016 kan bidiyon wata waƙa, ita kuma ta fito ta ba da haƙuri. Mun fi kama da Indiya a nan. Zaira Wasim, yarinyar da ta fito a fim ɗin Dangal, ta sanar a Yunin 2019 tana da shekara 18 cewa ta bar fim saboda yana taɓa mata imani. Wata huɗu bayan nan The Sky Is Pink ya fita da ita a ciki, don an riga an ɗauka.

A Nijar an taɓa yin irin haka?

Tarihinmu ya ba da amsa iri biyu. Oumarou Ganda tsohon sojan Faransa ne da ya yi yaƙin Indocin, yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da darakta Bafaranshe Jean Rouch ya sa shi jarumin Moi, un noir na 1958. Fim ɗin ya yi suna a Faransa, da sunan Rouch. Irin kallon da kyamarar Rouch ke yi wa baƙar fata ne ya sa daraktan Senegal Sembène Ousmane ya gaya masa a 1965 cewa kamar ƙwari yake kallon mu. Ganda ya dawo Yamai, ya koyi riƙe kyamara, ya ba da labarin sojansa da kansa a Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, karon farko da aka ba da ita. A ganina ba wanda ya mayar da martani mai kyau kamar wannan. Cibiyar al'adu ta CCOG a Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Zalika Souley kuwa jama'a ne suka juya mata baya. Ta fara da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, ta yi ta fitowa a matsayin mace marar kamun kai, mutane suka ɗauki rawar da ta taka suka ɗora mata a matsayin halinta. Da sinimar ƙasar ta durƙushe, har aikatau ta je yi a Amurka. Rahmatou Keïta ta ɗauki labarinta a Al'lèèssi. Zalika ta rasu a 2021. Duk mai mamakin yadda ƴan matanmu ke gudun tsofaffin finafinansu ya tuna da ita.

Matata ta yi fim kafin mu yi aure. Har yanzu ana turawa a waya, dangina na yi mini magana. Me zan yi?

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Gaskiyar ita ce ba za ka iya share shi daga duniya ba. Fim ɗin da ya shiga memorin masu turawa a babbar kasuwa, ya tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ya dawo, ya fi ƙarfin kowa. Abin da zai yiwu shi ne ka nemi wanda ya shirya fim ɗin cikin girmamawa, ko ka tura dattijon da yake jin nauyinsa, a roƙe shi ya sauke daga tasharsa ta YouTube ko ya yanke fitowar da ke damun ku. In yana samun kuɗi da shi, sai a yi maganar diyya. Shi ne mai haƙƙin mallaka, don haka shi YouTube zai saurara in ya nemi a sauke kwafin da wasu suka ɗora.

Kada ka sa ta fito a bidiyo tana kuka tana tsine wa fim ɗin. Wanda bai san da shi ba ranar zai je nema. Dangi kuma kai za ka tare mata su, tun da ka san ta yi fim ka aure ta.

Ance yanzu kwamfuta na iya sauya fim bayan shekaru. Haka ne?

Haka ne. A Agustan 2025 kamfanin Eros ya sake fitar da Raanjhanaa na 2013 da harshen Tamil, an yi amfani da fasahar AI an sauya ƙarshen, jarumin da ya mutu ya farfaɗo. Dhanush, jarumin fim ɗin, ya fitar da sanarwa cewa wannan ba fim ɗin da ya amince ya yi ba ne, darakta Aanand L. Rai ma ya yi tir. Batun sarrafa fuska da murya da kwamfuta na cikin abin da ya sa ƴan wasan Amurka yajin aikin kwana 118 a 2023.

Ni ƴar wasa ce sabuwa, an ɓata mini fitowa a wani shiri. In fito Facebook in faɗa?

Ƴar'uwa, ki dakata tukuna. Ki fara samun darakta ku biyu, in bai ji ba ki je da babba. In za ki rubuta, ki tsaya kan aikin: an yanke kaza, an ɗora kaza, ban yarda da shi ba. Kada ki kira kowa ɓarawo ko mayaudari sai da hujja a hannu, don dokar laifukan intanet ta 2019 ta haɗa da ɓata suna, kuma a Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kanta.

Aiki na gaba kuma ki nemi takarda, ko da shafi ɗaya ne, ko da jikka 10 za a ba ki. A rubuta sunan shirin, rawar da za ki taka, abin da ba za ki yi ba, nawa za a biya da yaushe, inda za a nuna, da cewa ba za a ɗora wata murya a bakinki ko a sa hotonki a tallan wani abu ba sai da izininki. Ki nemi a ba ki labarin gaba ɗaya ki karanta, ba fitowarki kaɗai ba. Shaidu biyu su sa hannu, ki ɗauki hoton takardar a waya.

Fim ɗin da jaruminsa ya ƙi, ya cancanci kallo?

Wani ya cancanta. Christopher Plummer ya yi shekaru yana yi wa The Sound of Music na 1965 ba'a, fim ɗin kuwa ya ci Oscar 5, shi ma da ya tsufa ya sauko ya yaba. Catwoman dai Halle Berry ta faɗi gaskiya, kada ka ɓata kuɗin turawa.